Yankewa, maɓalli ɗaya, ko bin sawun gas: zaɓin da ke gaban mai auna sararin samaniya da lanƙwasar haske

Ranar wata Talata bayan azahar, wata ɗalibata ta digiri na biyu, 'yar Misau, ta shigo ofishina a Yalwa da kwamfuta a hannu. Ta ajiye ta a tebur, ta juyo mini da fuskarta. Zane biyu ne a kai, duka daga bayanai ɗaya na lanƙwasar haske a sararin samaniya, amma sakamakon bai hau kan juna sosai ba: ɗaya ya ɗan yi ƙasa, ɗaya ya ɗan yi sama. Ta ce, "Malam, ban taɓa komai ba sai yadda na bi da gas. Wanne zan saka a kundina?" Na ce, "Jawo kujera, 'yata, wannan ba maganar tsaye ba ce." Sai da aka kira la'asar muka tashi. Abin da muka tattauna shi nake son shimfiɗawa a nan, domin na san akwai irinta a Gubi, a Gombe, a Kashere, masu son yin aiki da bayanan da manyan ayyukan hangen sama suka saki kyauta, kuma kowannensu zai iso wannan mararrabar.

Duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya ga asalin maganar da idonsa. Ruwan garau, kana hango yashin ƙasa, amma yatsun ƙafarka ba sa tsayawa yadda suke. Yanzu sun miƙe, an jima sun karkace. Ƙafar lafiyarta ƙalau, ruwan da ke tsakani ne ke lanƙwasa haske. A sama, nauyi ne ke wannan aikin. Einstein ya ce haske yana lanƙwasa idan ya gifta kusa da abu mai nauyi, aka kuma gwada maganar ranar 29 ga Mayu 1919 lokacin husufin rana, a Sobral ta Brazil da kuma tsibirin Principe da ke Mashigin Tekun Gini, nan maƙwabtanmu.

Abin da ake aunawa a yau ya fi wancan sirantaka nesa ba kusa ba. Hasken galaksi mai nisa, wato garken taurari irin namu, yana tafiyar biliyoyin shekaru kafin ya iso, yana ratsa duk wani tarin nauyi da ke kan hanya. Sai siffar galaksin ta ɗan miƙe, da kamar kashi 1 cikin 100. To amma galaksi tun asali ba da'ira ba ce, tana da nata karkacewar da ta ninka wannan kusan sau talatin. Shi ya sa guda ɗaya ba ta gaya maka komai, sai ka tara miliyoyi ka duba ko maƙwabta suna jingina gefe ɗaya. A shekarar 2000 ƙungiyoyi huɗu suka fara ganin alamar. Yanzu akwai aikin DES da madubin Blanco mai faɗin mita 4 a Chili, wanda bayanansa na shekaru uku na farko suka ƙunshi galaksi kusan miliyan 100. Akwai KiDS na Turawa, shi ma a Chili. Akwai HSC da madubin Subaru na Jafanawa mai mita 8.2 a Hawai.

Lambar da dukkansu ke nema ana kiranta S8. Tana faɗin yadda abu ya dunƙule a sararin samaniya: kunu ne mai laushi, ko mai gudaji. Tauraron ɗan'adam na Planck, daga tsohon hasken da ya taso tun sararin samaniya yana da shekara 380,000 da farawa, ya ba da 0.83. KiDS a bayanansa na murabba'in digiri dubu na faɗin sama ya sami 0.76. DES ma 0.76 a awon lanƙwasa zalla, HSC kuma wajen 0.77. A ido tazarar kaɗan ce, amma ta kai ninki biyu zuwa uku na kuskuren awo, kuma duk ta gefe ɗaya ta faɗo. Idan gaskiya ce, akwai abin da ba mu sani ba game da halittar sama. Idan kuma kuskuren lissafi ne, dole a nemo inda ya ɓuya.

A nan gas ke shigowa. Lanƙwasar haske ba ta tambayar abu sunansa, nauyinsa kawai take ji. Cikin duk abin da ke da nauyi a sama, kusan kashi 84 cikin 100 ɓoyayyen abu ne, wanda ba ya haske, ba ya zafi, ba ya jin komai sai jan nauyi. Lissafinsa a kwamfuta ya zauna da gindinsa tun tuni. Sauran kashi 16, kusan sudusi, shi ne abu na gama-gari da masana ke kira bariyon: haidurojin, hiliyom, taurari, ƙura, duwatsun da suka kewaye Bauchi, ni da kai. Mafi yawansa gas ne mai zafi da ke warwatse tsakanin galaksi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, domin wannan sudusin ba ya zama wuri ɗaya. Yana hucewa ya zube tsakiya ya haifi taurari. Manyan taurari su fashe su kore shi. Uwa uba, baƙin rami, wato dunƙulen nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa, da ke tsakiyar babbar galaksi, irin na M87 mai nauyin rana biliyan 6.5, idan ya sami abin haɗiya, yakan fesa zafi da feshin da ke tura gas nesa da gida. Madubin eksire na Chandra ya ɗauki hoton ramuka irin kumfa a cikin gas ɗin gungun Perseus, inda feshin ya share wuri.

Na ce wa ɗalibar ta tuna masussuka. An tara gero tuli guda, iska ta taso. Tsaba ta zauna, ƙaiƙayi ya bazu a fili. Nauyin da ke gonar bai ragu ba, amma tulin ya yi sauƙi. Wanda ya auna tuli kaɗai, bai san an yi iska ba, zai ce amfanin bana ya yi ƙaranci. Haka mai lissafin da ya ɗauka duk abu ɓoyayye ne: zai ga gudajin kunu sun fi yadda ya zata laushi a ƙananan wurare, sai ya sauke S8 ƙasa don lissafi ya dace. Kana iya ƙiyasta iyakar ɓarnar a bayan ambulan. Ma'aunin cunkoso yana tafiya da ninkin yawa sau kansa, don haka in aka share gas gaba ɗaya, 0.84 sau 0.84 zai ba ka 0.71, ragin kusan kashi 30 cikin 100. A 2011 Marcel van Daalen da Joop Schaye da abokan aikinsu suka nuna, da kwaikwayon kwamfuta na OWLS, cewa ragin yana kaiwa kusan nan a lambar k ta 10 (k ma'aunin ƙanƙantar wuri ne, yana hawa faɗi na raguwa), wato faɗin da haske ke ratsawa cikin shekara miliyan 3, tazara irin wadda ke tsakaninmu da maƙwabciyar galaksi Andromeda. Suka kuma ga ya fara leƙowa da kashi 1 tun wajen k ta 0.3, faɗin shekarar haske kusan miliyan 100.

Da kowa ya yarda da girman ragin, da an cire shi an wuce. Ba a yarda ba. Kwaikwayon da zai ɗauki faɗin sama mai yawa ba zai iya ganin bakin baƙin rami ba, ya yi masa ƙanƙanta sosai, sai a saka dokar feshin da hannu a daidaita ta da abin da ake gani. Kowace ƙungiya da tata dokar. EAGLE da IllustrisTNG suna ba da ragi kaɗan a k ta 1. Illustris na asali, na 2014, ya kori gas da yawa har ya wuce abin da eksire ke nunawa a rukunonin galaksi. BAHAMAS na 2017 ya tsaya a tsakiya, domin da gangan aka daidaita shi da yawan gas ɗin da aka auna. Zaɓin da ke gaban ɗalibata, da gaban kowa, shi ne yadda za a yi aiki da abin da ba a san girmansa ba.

Hanya ta farko ita ce yankewa, kamar yadda ake yanke ruɓaɓɓen gefen doya a dafa sauran. Gas yana ɓarnarsa a ƙananan kusurwoyi, to a jefar da su. Ita DES ta bi a bayanan shekaru uku. Sun auna daga mintin kusurwa 2.5 zuwa 250, kuma don ka ji girman, cikakken wata yana da faɗin minti 30. Suka ƙirƙiri bayanan gwaji, suka gurɓata su da ragin OWLS mai baƙin rami, sannan suka yi ta datse ƙananan kusurwoyi har sai da gurɓatar ta daina ture sakamako da fiye da kashi 3 cikin 10 na kuskuren awo. Cikin ɗigon bayanai 400, 227 suka tsira. Awon iri biyu ne, kuma wanda ake rubutawa da alamar ɗebewa shi ya fi shan wuƙa, domin ya fi jin ƙananan wurare.

Ina girmama wannan hanyar. Ba ta ƙara maka nauyin lissafi ko kaɗan, bayaninta a gaban mai jarrabawa layi biyu ne, kuma ba ta da'awar sanin abin da ba ta sani ba. Sai dai akwai abu biyu da na nuna wa ɗalibar. Na ɗaya, ɗigon da aka zubar su ne inda alamar ta fi ƙarfi, an kashe darare ɗaruruwa a saman dutse kafin a same su. Na biyu ya fi damuna. Mutane suna ɗauka wanda ya yanke ya tsira daga dogaro da kwaikwayo, alhali wurin da wuƙar ta sauka kwaikwayo ne ya nuna shi. An ɗauki OWLS a matsayin mafi munin abin da zai iya faruwa. In feshin gaske ya fi nasa ƙarfi, to ruɓar ta ƙetare inda aka yanke, kuma babu wani abu a cikin lissafinka da zai yi maka ƙara. An gudu ba a tsira ba. Ga kuma gobe: Euclid da aka harba ranar 1 ga Yuli 2023 yana nufin auna siffar galaksi sama da biliyan ɗaya, madubin Rubin a Chili ya fitar da hotunansa na farko a Yunin 2025. Duk lokacin da kuskuren awo ya ragu, dole wuƙar ta ƙara shiga ciki, har a wayi gari doyar da aka zubar ta fi wadda ke tukunya.

Hanya ta biyu ita ce a bar bayanan, a ƙara maɓalli ɗaya a lissafi, irin maɓallin murɗa rediyo, wanda ke ƙara ko rage ƙarfin korar gas, sannan a bar bayanai su murɗa shi tare da S8. Kayan aikin da ya fi yaɗuwa shi ne HMcode na Alexander Mead da abokansa, wanda ya fara fitowa a 2015, kuma yana cikin manhajar CAMB da kusan kowa ke amfani da ita. KiDS tsohon samfurinsa ta ɗauka. Sabon samfurin, mai lambar 2020, maɓallinsa zafin da baƙin rami ke ɗora wa gas ne, an kuma gina shi kan BAHAMAS guda uku masu lamba 7.6 da 7.8 da 8.0. Lambobin na ninkin goma ne, 7.8 na nufin digiri kusan miliyan 63. Da DES da KiDS suka haɗa bayanansu a 2023, shi suka yi amfani da shi, tare da ɗan yankewa, suka sami S8 ta 0.79.

Ga mai kwamfutar cinya a Bauchi, wannan daidai ruwa daidai tsaki ne. Layi biyu za ka ƙara a takardar umarni, lokacin lissafi kusan bai canza ba, kuma rashin tabbas game da gas ya shiga cikin kuskuren da za ka rubuta, ba ya ɓoye. Amma ka san abin da ka saya. Maɓalli ɗaya yana ƙara ko rage zurfin ragi ne kawai. Siffarsa, da yadda yake canzawa da zamani, duk na BAHAMAS ne. In sama ta kori gas da wuri fiye da BAHAMAS, ko ta tura shi nesa, maɓallin ba shi da bakin faɗar haka, sai S8 ta ɗauki laifin. Sannan akwai iyakar da kake gindaya masa tun farko. A zanen ɗalibata na biyu, sakamakon maɓallin ya je ya jingina da katangar sama ta wannan iyakar, ya taru a nan kamar awaki a inuwar gini. Na sa yatsa a wurin na ce mata, duk lokacin da ta ga haka, katangar ce ke magana tare da bayanan, kuma dole ta ɗaga ta ta ga abin da S8 za ta yi. Ta kuma sani cewa in ta wuce 8.0 ta fita daga inda aka gwada kayan. Wani kuskuren da na sha gani a rubuce shi ne a ce "mun auna zafin baƙin rami". Lambar nan ta cikin kwaikwayo ce, ba zafin da wani madubi zai gani ba.

Akwai 'yan'uwan wannan hanyar da ba zan daɗe a kansu ba. Wasu suna tara ragin kwaikwayo goma sha wani abu su tace manyan siffofi biyu ko uku daga ciki, aikin da Tim Eifler ya fara a 2015. Ƙarfinsa iyakar kwandon da ka tara ne. Alexandra Amon da George Efstathiou a 2022 suka kawo maɓalli ɗaya da bai damu da dalili ba, yana rage cunkoson ƙananan wurare kawai, suka nuna cewa sulhunta KiDS da Planck zai buƙaci ragin da ya fi na yawancin kwaikwayo. Yana da kyau wajen yin tambaya, amma ba ya gaya maka gas ne ko wani abu dabam.

Hanya ta uku ita ta fi burge ni, kuma ita ta fi wahalar riƙewa. Aurel Schneider da Romain Teyssier suka kawo ta a 2015. A ɗauki kwaikwayon ɓoyayyen abu zalla, mai arha, sannan a kowane dunƙule a matsar da ƙwayoyin ciki ko waje, gwargwadon yadda gas da taurari za su zauna: wannan kaso ya zama taurari a tsakiya, wannan ya zauna a matsayin gas mai zafi, wannan an kore shi zuwa nisa kaza. Maɓallan kusan bakwai ne, kuma kowanne yana da ma'anar da za a iya zuwa a duba. Mafi muhimmanci shi ne nauyin dunƙulen da ƙasa da shi gas ke tserewa: ƙaramin rukuni ba ya iya riƙe nasa, babban gungu yana riƙewa. Giovanni Aricò da abokansa sun gina samfurinsu cikin aikin BACCO, Sambit Giri da Schneider suka fitar da BCemu a 2021. Dukkansu an koya wa ƙaramar manhaja amsoshin, tana ba da su cikin ƙiftawar ido, kuma kyauta ne a intanet.

A 2023 Aricò ya ɗauki bayanan DES gaba ɗaya, ba yankewa, ya sami 0.795, da kuskuren kusan 0.016. Na rubuta wannan a allo kusa da sakamakon DES na yankewa mai sassauci, 0.772 da kuskuren kusan 0.018, na ce wa ɗalibar ta dubi lambobin kuskuren, ta ƙyale na tsakiya tukuna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, to ina ribar?" Tambayar kenan. An dawo da bayanai masu yawa, amma kuskuren bai ragu da wani abin kirki ba, domin abin da aka samu an biya shi kuɗin maɓallan gas. Lanƙwasar haske ita kaɗai da ƙyar take ɗaure ɗaya daga cikinsu, sauran suna yawo cikin iyakokin da ka ba su, kuma yawon nasu kansa yana iya ja da sakamako gefe. Hawan da tsakiyar ta yi ma ba duka na gas ba ne, an canza yadda ake lissafin cunkoson ɓoyayyen abu da yadda galaksi maƙwabta ke jingina da juna tun asali. Wanda ya ɗauki wannan hanyar ba tare da wani awo na waje ba, ya ɗauki kaya bakwai ya sauke ɗaya.

Darajarta tana fitowa ne idan ka je ka auna gas ɗin kansa. Van Daalen da Ian McCarthy da Schaye sun nuna a 2020 cewa, duk da saɓanin kwaikwayo, abu ɗaya ne ke hasashen ragin: kason bariyon da ya rage a rukunoni masu nauyin rana kusan tiriliyan 100. To a je a ƙirga. Eksire yana ganin gas mai zafi da kauri a tsakiyar rukuni, kuma madubin eROSITA ya saki bayanan zagayensa na farko na faɗin sama a Janairun 2024. Dabara ta biyu ta auna gas tana amfani da tsohon hasken nan na Planck a matsayin fitila daga baya: idan ya ratsa gas da ke tafiya, zafinsa yana ɗan canzawa, abin da Rashid Sunyaev da Yakov Zeldovich suka yi hasashe. Amfaninta shi ne tana jin gas mai siranta da ke can gefe, inda eksire ya makance, wato ƙaiƙayin da ya bar tuli. Madubin ACT a hamadar Atacama ya auna wannan kewaye da galaksin da ayyukan auna nisa na BOSS da DESI suka tantance. Dabara ta uku ita ce gajerun tartsatsin rediyo da aka gano a 2007, waɗanda isowarsu ke jinkirta gwargwadon gas ɗin da suka ratsa. Da su Jean-Pierre Macquart da abokansa suka ƙirga bariyon da ke tsakanin galaksi a 2020.

Leah Bigwood da abokanta a 2024 sun haɗa lanƙwasar DES da awon ACT cikin hanya ta uku, suka sami S8 ta 0.82, suka kuma ga alamar cewa korar gas ta fi ta yawancin kwaikwayo ƙarfi. Wannan ya taɓa hanyoyi biyun farko kai tsaye, domin katangunsu duka an gina su ne kan kwaikwayon da ake zargin ya yi sanyi. Amma kada a yi gaggawa. FLAMINGO na 2023, wanda babban akwatinsa ke da faɗin gigafasek 2.8, wato shekarar haske kusan biliyan 9, da ƙwayoyi biliyan 300, an daidaita shi da tsoffin awon eksire, kuma ragin da ya bayar bai isa ya rufe tazarar S8 ba. Da aka gwada shi da awon ACT, samfurinsa mai feshi mafi ƙarfi ne ya fi dacewa. Wato ma'aunai biyu na gas ɗaya ba su gama shiryawa ba. Awon ACT kuma yana da sharaɗi mai nauyi: sai ka san nauyin dunƙulen da galaksin ke zaune a ciki, in ka kuskure nan, gas zai ɗauki laifin da ba nasa ba.

Abu biyu na roƙi ɗalibar kada ta manta. Nutirino, wata 'yar ƙwayar halitta mai ɗan nauyi ƙalilan, shi ma yana rage cunkoso a ƙananan wurare, don haka duk mai neman nauyinsa da lanƙwasa, gas ne abokin rikicinsa na farko. Sannan gas ba shi kaɗai ake tuhuma ba. A 2025 KiDS ta fitar da sakamakonta na ƙarshe, daga digiri 1,347, S8 ta hau zuwa 0.815, ta daidaita da Planck, kuma babban dalilin shi ne gyaran ƙiyasin nisan galaksi da ƙarin faɗin sama. Wanda ya rubuta a kundinsa cewa gas ne ya warware rikicin S8 ya faɗi abin da bayanai ba su ba shi ba.

Ga abin da na shawarce ta, kuma shi zan faɗa wa duk mai wata goma sha biyu da kwamfuta ɗaya. Ta ɗauki maɓalli ɗaya a matsayin ginshiƙi, ta riƙe yankewa a matsayin ma'aunin duba kai, ta saka duka biyun a kundi. Tazarar da ta gani tsakanin zanenta biyu ba aibi ba ce da za a ɓoye, ita ce babi mafi amfani a aikin. Mai digiri na uku, mai shekara uku a gaba, ya tafi hanya ta uku, amma da niyyar haɗa ta da eksire ko ACT tun ranar farko. Wanda tambayarsa kan ɓoyayyen ƙarfi ce, wato abin da ke hanzarta faɗaɗar sama, ko gwada dokar jan nauyi, gas kuma tsaiko ne kawai a gare shi, yankewa ta ishe shi da bayanan yau, muddin ya sake gwada wurin yankan da kwaikwayo mai feshi fiye da OWLS. Gina kwaikwayon gas naka kuwa, ka bar shi. FLAMINGO ya ci gomman miliyoyin sa'o'in lissafi a babbar na'urar COSMA ta Durham a Ingila. Akwai dubban ƙananan kwaikwayo na CAMELS kyauta, suna da kyau don koyo, sai dai akwatunansu sun yi ƙanƙanta, manyan rukunonin da ke riƙe da amsar ba su cika bayyana a ciki ba.

Sai maganar wuta, wadda takardun waje ba sa ambata amma ita ke yanke mana hukunci a nan. A ce kowane zagayen lissafi da CAMB yana cin daƙiƙa 3, aikin gaba ɗaya kuma yana buƙatar zagaye 300,000. Kwana goma kenan da 'yan kai a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya, ba ɗaukewa. Na taɓa rasa aikin kwana huɗu cikin watan Afrilu, batirin sola ya ƙare da asuba ban sa manhajar ta riƙa ajiye inda ta tsaya ba, kuma har yau ina jin zafin abin. CosmoSIS da Cobaya duka suna iya ci gaba daga inda suka tsaya, ka kunna wannan kafin komai. Manhajojin da aka koya wa amsa, irin CosmoPower da na BACCO, suna mayar da kwanakin zuwa sa'o'i, abin da ya sa hanya ta uku, duk da yawan maɓallanta, a wasu lokutan ta fi ta biyu sauƙin gudu a kwamfutar cinya. Wahalarta tana wajen fassara sakamako.

Kafin ta sake taɓa bayanan gaske kuma, na ba ta aikin mako biyu. Ta ƙirƙiri bayanan ƙarya da S8 da ita ta zaɓa, ta gurɓata su da ragin Illustris sau ɗaya, da na IllustrisTNG sau ɗaya, sannan ta ba kowace hanya cikin biyun da na shawarce ta, ta gani ko za ta dawo mata da lambar da ta saka. Ta rubuta lambar a wata 'yar takarda, ta ninke, ta sa a aljihun jakar kwamfutar. Ranar Alhamis mai zuwa za ta kawo zane huɗu, mu buɗe takardar tare.